Yaƙin da Aka Kira Ni In Tsara a Kwarin Tarka

Tun da na dawo daga Damargu mutanen fadarmu, wato majalisar da muke zaman hira, ba su bar ni na sha shayi da daɗi ba. Wani ya ce ya ji labarin na ja mayaƙa ɗari, wani ya ce a'a, da na ga kwari da baka sai na nemi hanyar gida. Duk wanda ya zo sai in faro masa daga farko, kafin in kai tsakiya wani ya iso ya ce a koma baya. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, mai son ji ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Lawali, mutumin Damagaram. Na yi shekara ashirin da bakwai cikin kaki, na fita da galar ajudan, muƙamin da ke sama da sarjan. Gaskiya ban ga wuta da yawa ba. Shekaruna tara na ƙarshe a gaban allo na yi su, ina koya wa ƙananan sarjan karatun taswira da dalilan da ke sa a ci yaƙi ko a sha kashi. Shi ya sa taubashina Mutari, ɗan kawuna, yake ce mini sojan alli. Uwata ƴar wani ƙauye ce yamma da Belbeji, cikin kwarin Tarka. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don mutanen suna nan da ransu, kuma maganar ba ta gama hucewa ba.

Ƙarshen kaka Mutari ya kira ni a salula. Bai tsokane ni ba, bai tambayi iyali ba. Ya ce, “Ajudan, ka zo gobe ko jibi. Akwai maganar gona.” Na ce wace gona, tunda rabon uwata an daɗe da bar wa ƙannenta. Ya ce in na zo na ji. Rashin wasan nan ne ya sa na haɗa jakata.

Na shiga ƙaramar bas mai zuwa Tanut da hantsi. An yi ta don mutum goma sha tara, mu kuwa ashirin da huɗu ne, ban da rago a ƙarƙashin kujerar baya. A bariyar fita gari, shingen da ake duba matafiya, wani jandarma ya karɓi takardunmu, ya ga tawa, ya ƙame ya sara mini. Daga nan sunana ya koma Ajudan a motar, duk gardamar da ta tashi sai a ce in raba, har ta farashin wake.

Kusa da ni akwai wani dattijo ɗan Falanko, mai sayar da igiya. Shi ya fara jawo hankalina ga abin da ke gefen hanya. An yanke hatsi, dammuna na jibge a gonaki ba a kai rumbu ba, ga kuma garken shanu can nesa suna tsaye suna kallo. Ya ce, “Bana ciyawa ba ta yi ba a arewa. Makiyaya sun gangaro tun ba a saki gonaki ba. Mai gona yana cewa a dakata, saniya kuwa ba ta san dakata ba.”

Bayan mun wuce Sabon Kafi taya ta fashe. Direba ya sauka da fara'a, ya ce minti goma ne. Yana da tayar canji, yana da abin ɗaga mota, amma ƙarfen kwance ƙusoshi ya ara wa wani abokinsa a tasha ya manta bai karɓa ba. Muka zauna ƙarƙashin aduwa. Babbar motar da ta fara tsayawa ƙarfenta ya yi wa ƙusoshinmu yawa, ta biyu ba ta ma tsaya ba. Sai bayan la'asar muka tashi. Ban ji haushi ba, don darasin da nake fara bai wa ɗalibaina ke nan. A kan takarda runduna tana cin kilomita arba'in a wuni. A ƙasa kuwa wani ya manta ƙarfe, wani ya ji umarni a karkace, alfadari ya ƙi tashi, kuma waɗannan ƙananan abubuwa in sun taru sun fi abokin gaba cin mutum. Na faɗa wa ɗan Falanko haka, ya ce shi bai yi karatun lakwal ba amma ya san ba a fafe gora ranar tafiya.

A Tanut na sauka gidan Agali, wani Buzu da muka yi aiki tare, shi yana sarjan, shi ne idonmu in mun shiga daji. Yanzu yana bakin gari da ƴan awakinsa. Ya gina ɗaki biyu na ƙasa, amma matarsa ta kafa tantinta na tabarmi a tsakar gida, ta ce ɗaki na baƙi ne da buhuna. Tantin nata ne ita kaɗai, ranar da suka ɓata shi ke kwana waje. A Damagaram in baƙo namiji ya zo sai dai ya ji muryar matar gida daga bayan zana. Wannan kuwa zama ta yi tare da mu, tana gyara wa mijinta magana in ya yi kuskure. Aka kawo fura da aka dama da cuku da dabino, mai kaurin da ludayi ke tsayawa a ciki. Agali ya sha tasa ta ƙarƙashin amawalin rawaninsa. Shekara goma muka yi tare, ba na jin na ga bakinsa sau biyar.

Da safe yana hura gawayin shayi ya ce, “Ajudan, ka san abin da aka kira ka?”

Na ce maganar gona.

Ya ce, “Labarin ya zo nan kasuwa tun shekaranjiya. Shanu sun shiga gonar wani Habu suna cin dammunansa, ya zo kora, wani saurayin Bafillace ya sauke masa sanda a ka. Yana kwance a likita a Belbeji. Jandarmomi sun je, saurayin ya ɓace. Yanzu ƙauyuka uku sun haɗa kai za su faɗa wa rugar. Sun ce suna da soja a dangi.”

Sannan na tambaye shi, in shi ne, wa yake ganin zai ci.

Ya ce, “Kakana ya ga yaƙe-yaƙen da, lokacin ayari da mahara. Yakan ce a ƙasar nan takobi ado ne. Wanda ya riga ka isa rijiya ya gama da kai, sai dai ka zaɓi inda za ka faɗi.”

Na ce littattafan da aka koya mana haka suke faɗi, sai dai su sai sun ci shafi hamsin. Matarsa ta ce, “To ku masu sani, wa ya taɓa cin yaƙi da maƙwabcinsa? Ai gobe ma yana nan.” Agali ya ce a zuba shayi.

Na yi tunanin komawa gida daga nan. Abin da ya hana ni shi ne na san da ni ko ba ni za su tafi.

Daga Tanut zuwa Belbeji a bayan wata kat-kat, motar shiga rairayi, na tafi, bisa buhunan gishiri, ƙafafuna na lilo a waje. Sau uku muka sauka muka tura cikin rairayi. Iska ta ɗauke mini hula, direba ya ce in ya tsaya a wurin ba zai sake tashi ba, na bi ta da ido. Ƙarangiya ta cika mini wando har gwiwa. Ba a ƙetare iyakar ƙasa a wannan hanya, amma akwai wata iyakar da ta fi ta zafi, wato inda noma ya kamata ya tsaya kiwo ya fara. Na ga turakun da aka kafa don shata burtali, hanyar da aka ware wa dabbobi. Wasu suna tsaye tsakiyar karan hatsi, gona ta haɗiye su ta wuce. Na kuma ga gonar da shanu suka tattake tun daga wannan gefe har wancan. Duk wanda ya bi hanyar nan da ido buɗe zai san kowane ɓangare yana da abin faɗi.

Mutari na jira na a tashar Belbeji da babur. Na ce mu fara leƙa Habu. Ya ce daga baya, mutane suna jira.

Suna jira kuwa. Ƙarƙashin wani babban gawo a bakin ƙauyen na ƙirga mutum saba'in da ɗaya, don ƙirga ta zame mini jiki. Akwai kwari da baka, da adduna, da masu, da bindigogin maharba guda huɗu. An yanka mini akuya. Maigari tsoho ne, ya gaishe ni da sunan uwata, ya yi mini addu'a, sannan ya koma gefe ya zauna. Na gane Mutari ke riƙe da taron. Shi ya tashi ya ce rugar tana bakin wani tabki, tafiyar awa biyu a ƙasa, kuma mazan cikinta ba su kai ashirin ba. Ya ce, “Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Abin da muka rasa mai tsara mu, ga shi kuma Allah ya kawo.”

Zan faɗi wani abu da ban faɗa a fada ba. Na ji daɗi. Shekara shida da ajiye kaki ba wanda ya tambaye ni komai sai jikokina. Yana kwatanta mini inda tabkin yake da inda tudu yake, sai na ga hannuna ya ɗauki kara yana zane a ƙasa, nan ruga, nan tudu, nan hanyar gudu. Mutane suka matso. Sai da na ga yadda idanunsu ke bin karan sannan na farga, na sa tafin ƙafa na share. Mutari ya gani.

Na ce kafin a tsara komai ina da tambaya, kamar yadda ake yi a bariki. “In an je an dawo, me kuke so ya kasance ya faru?”

Wani ya ce a kamo wanda ya bugi Habu. Wani daga ƙauye na biyu ya ce a kore su daga kwarin gaba ɗaya. Wani saurayi ya ce jini sai jini. Wani dattijo ya ce shi dai a biya ɓarna. Kafin a jima sun fara musu tsakaninsu, har Mutari ya daka tsawa. A aji nakan ce wa ɗalibai yaƙi hanya ce ta zuwa wani wuri, in ba a yarda da wurin ba tun farko, kowa zai tsaya inda ya ga dama, wani kuma ba zai tsaya ba sam. Ban taɓa ganin misalinsa a fili kamar ranar ba.

Na sake tambaya wa ya je rugar cikin kwana ukun nan ya gani da idonsa. Babu. Ashirin ɗin da ake faɗi, wani ne ya ji daga wani. Na tambayi wa zai tsare rumbuna in maza duka sun tafi. Aka ce ai wuni ɗaya ne. Na ce to ni ba na tsara abin da ban gani ba, a ba ni gobe in je in duba ƙasa. Wasu suka yi gunaguni, amma maganar ta yi kama da ta soja, suka yarda.

A ɗakin kawuna marigayi aka sauke ni, aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka mai yawan daddawa, irin wanda uwata ke yi. A can ba a ce wa baƙo ya ci, ajiyewa ake yi a fita, in ya cinye a ƙaro, don haka na koyi barin loma biyu a akushi.

Washegari Mutari ya ɗauke ni a babur. Muka shirya cewa ni mai neman ragon suna ne daga birni. Tun kafin mu isa na ga abin da zanena bai nuna ba. Tudun da suka ce za a ɓuya bayansa bai kai tsayin jaki ba, kuma daga rugar ana hango mai zuwa tun yana nesa kamar tafin hannu.

Wani tsoho siriri mai farin gemu ya taso ya tarye mu, shi ne ardon rugar. Kafin in buɗe baki ya ce, “Sannu da zuwa, Ajudan. An ce hularka ta faɗi a hanya.”

Mutari ya dube ni, na dube shi. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo nono a ƙwarya. Mutari bai taɓa ba. Ni na sha.

Na ce, “Ardo, wa ya ba ka labarina?”

Ya ce, “Matanmu suna kai nono ƙauyenku kowace safiya, har jiya. Matanku suna saye. Mace ba ta auna nono baki rufe.” Ya san mutum nawa suka taru, ya san bindiga huɗu ce, ya san ɗaya ba ta tashi.

Na duba rugar. Tsofaffi ne da mata da ƴan maruƙa. Na tambayi ina samari da shanu, ya ɗaga hannu ya nuna gabas, ya nuna arewa, ya nuna wani wuri tsakaninsu. Ya ce, “Ba zan ɓoye maka ba, kai mai sani ne. In sun taso za mu gani. Kafin tukunya ta tafasa mun ɗaure kayanmu bisa shanun dako. Za su iske toka da kashin shanu. In kuma sun iske wata tsohuwa da ta kasa tafiya suka taɓa ta, to samarin nan ba ni ke riƙe da su ba daga ranar. Gidana yana tafiya, Ajudan. Rumbu yana tafiya?”

Mutari ya miƙe tsaye. Ya ce, “Barazana kake mana?”

Ardo ya ce, “Zauna, ɗan maigida. Da ubanka muka haƙa rijiyar bakin garinku, ni na ba da bijimin da ya ja ƙasa. Abin da nake tsoro nake faɗa maka.”

Na bar su na taka zuwa bakin tabkin. Ruwan ya ja baya ya bar taɓo mai faɗi, sawun shanu ya kafe a ciki. Na yi lissafi irin wanda aka koya mana, na ga ba zai kai sati uku ba. Da na dawo na ce, “Ardo, gidanka yana tafiya, amma ina zai je? Arewa ba ciyawa. Tabkin nan ya kusa ƙarewa. Bayan shi sai rijiyar ƙauye.”

Ya juya sandarsa a hannu. Can ya ce, “Ka gani ke nan.”

Sannan ya faɗi sauran. Wanda ya yi bugun ɗan ƙanensa ne, yana ɓoye wurin shanu. Ya ce shi da kansa zai kai shi hannun jandarma a Belbeji, in an tabbatar masa ba za a tare su a hanya ba, kuma ba za a hana su rijiya ba. Abin da shanu suka ci, a kira waɗanda suka saba kimanta ɓarna su kimanta. Ya ce tun kwana biyu yake neman wanda zai aika da maganar, bai samu wanda za a saurara ba.

A hanyar komawa Mutari ya yi ta tuƙi har muka hango gawon. Ya tsayar da babur ya ce, “Yaya, in ka faɗi wannan a gaban mutane ka kunyata ni. Ni na ce musu kana zuwa.” Tunda muke bai taɓa ce mini Yaya ba. Na ce zan faɗi abin da na gani, shi ne aikin da aka aike ni.

Da na tsaya gaban taron na lura sun ragu, na ƙirga hamsin da biyu. Na gaya musu yadda ƙasar take, da cewa duk abin da aka faɗa ƙarƙashin itacen nan yana isa rugar kafin azahar. Na ce, “Kun fi su yawa, gaskiya ne. Amma yawa yana amfani ne in abokin gaba ya tsaya ya jira ku, waɗannan kuwa ba za su tsaya ba. Za ku ci safiya ɗaya. Daga nan ku ne za ku koma gadi, kowane rumbu, kowace gona, kowace mace mai zuwa itace, har damina. Su suna zaɓar rana da wuri, ku kuna jira. Ba rundunar da ta taɓa jure haka, balle manoma masu aiki a gabansu. Kuma duk wanda ya saki kibiya, jandarma sun san sunan ubansa.” Sannan na faɗi inda su ma suke da rauni, wato ruwa, na ce abin da suke nema da adda yana hannunsu tun tuni, a bakin rijiya. Na isar da saƙon Ardo.

Ba wanda ya yaba. Saurayin da ya ce jini sai jini ya ce an ba ni nono na sha na mance dangi. Wani ya ce dama an faɗa, sojan alli ne. Aka yi dariya, ba irin ta taubasai ba. Mutari ya ce jibi da asuba za a tafi, da ni ko ba ni, a bar gobe kowa ya shirya.

Wannan goben ita ta kashe yaƙin, ba maganata ba. Ranar kasuwa ce a wani gari kusa. Mutanen ƙauye na uku suka ce za su je su sayar da wake su dawo, ba su dawo ba. Na biyu suka aiko cewa in dai an ce za a miƙa mai laifi, su ba su ga abin tafiya ba, dama su biyan ɓarna suke so. Wasu matansu suka zo har gindin gawon suka tsaya, mazan suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Fushi kamar ruwan zafi yake, in ba a ƙara wuta ba kwana uku ya yi masa yawa. Masu rubuta littattafan yaƙi sun daɗe da sanin cewa zuciyar mayaƙa guzuri ce, tana ƙarewa kamar yadda ruwan salka ke ƙarewa, kuma ƙawance ya fi komai saurin tsinkewa. Da la'asar na ƙirga mutum goma sha tara.

A lokacin ne maigari, wanda bai sa baki a maganar ba tun zuwana, ya sa aka ɗaga shi tsaye. Ya ce ya karɓi maganar Ardo, kuma duk wanda ya tare hanya ya tare shi ne. Ina zaton tun farko abin da yake jira ke nan, ya ga taron ya yi ƙanƙantar da muryarsa za ta rufe shi. Mutari ya zo inda nake ya ce, “Ka ci mu da jinkiri.” Na ce ban yi niyyar haka ba tun farko, amma ban musa ba. Ya juya ya tafi.

Washegari na koma rugar, na hau amalanken shanu tare da Ardo da ɗan ƙanen nasa, muka bi ta gefen ƙauyen zuwa Belbeji. Na zauna a gefen da ke fuskantar gari da gangan. Mutane suka fito suka tsaya bakin hanya, ba wanda ya ɗaga hannu, ba kuma wanda ya amsa sallamarmu. Saurayin bai fi shekara ashirin da biyu ba, ya tambaye ni ko a gidan kaso ana barin mutum ya ga rana. Na ce ana bari. Ardo ya miƙa shi, ya sa yatsa a takarda, ya fito ya zauna a ƙasa bakin ƙofa ya rufe fuska da rawani. Na bar shi nan.

Daga nan na wuce likita, wurin da ya kamata in fara zuwa. Habu mutum ne mai kamar shekara hamsin, kansa naɗe da farin ƙyalle. Matarsa na zaune gefen gado tana kore masa ƙuda. Ta ce ya farfaɗo kwana biyu da suka wuce, amma hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, maganarsa kuma sai an kasa kunne. Na gaishe ta, na faɗa mata ko ni ɗan wace ce, ta gane uwata. Na durƙusa na gaya wa Habu an miƙa wanda ya buge shi, za a biya ɓarna, ba a zubar da jinin kowa ba. Na zaci zai yi murna ko ya yi fushi. Ya dai dube ni, bakinsa yana motsi. Na matsa kunnena.

Ya ce, “Sauran... hatsin. An kai rumbu?”

Na dubi matar. Ta ce ita tun ranar tana nan, ƴaƴansu mata ne, suna gidajen aure nesa. Ta ce shanun ba su ci ko kashi ɗaya cikin uku ba, saura dami talatin da wani abu suna can a gona inda ya faɗi. Tun da ya farfaɗo abin da yake tambaya ke nan, duk wanda ya zo dubiya sai ya ce bai sani ba.

Ni ma ban sani ba. Na yi wa mutum saba'in da ɗaya tambayoyi iri-iri a gindin gawo, wannan ba ta zo mini ba.

Na fita waje na kira Mutari. Sai a kira na uku ya ɗauka, bai yi sallama ba. Na ce, “Ina wurin Habu. Yana tambaya ko an kwashe masa hatsinsa.”

Ina jin kukan awaki ta wajensa. Can ya ce, “Ba a kwashe ba.” Sannan ya ce, “Gara ma ta fara shiga, na gani da muka wuce a babur. Ka ce masa yau za a kai. Ni zan ɗaura amalanke.”

Na koma ciki na faɗa wa Habu. Ya lumshe ido, ya ɗaga hannun hagu kaɗan daga kan gado ya mayar. Matarsa ta ce in zauna in sha ruwa kafin mota, na zauna.